Dankalin Inna da Lissafin Auta

Zuwa ga ƙanwata, 'yar ɗakinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara da jikoki baki ɗaya. Allah Ya sawwaƙe miki ciwon gwiwar nan da aka ce yana hana ki tsuguno, kuma kada ki biye wa masu cewa ki zauna wuri ɗaya, domin mu 'ya'yan Inna zama ne ke karya mu. Mu nan muna lafiya gwargwado. Uwar yara tana fama da tarinta, ta sha na asibiti ta sha na maƙwabta, tarin dai bai ce zai tafi ba. Matar babban ɗana ta sauka lafiya, an sami mace, duk wanda ya ga goshinta sai ya ce ke ce aka sake. Ni kuwa ƙafa tana kai ni lambu tana dawo da ni, ido kuma har yanzu yana gane ganye daga nesa. Kin san ni da alƙalami ba mu taɓa shiri ba. Tela maƙwabcinmu ne ya tsayar da kekensa yake rubuta miki, na kuma gargaɗe shi ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kalmasa kamar bakin riga. Ya ce me ya hana in kira ki a waya. Na ce masa a waya ba kya barin mutum ya kai aya, wannan maganar kuwa ina so ki ji ta daga farko har ƙarshe kafin ki fara yi mini faɗa.

Maganar dankalin Inna ce, da kuma 'yarki Auta, autar gidana. Kin san tana can jami'a tana karatun tsirrai, karatun nan da na daina tambayar ranar ƙarewarsa. Wannan ne wai matakin ƙarshe, in ta haye sai a riƙa ce mata dakta, tela ma tuni ya raɗa mata likitar ganye. Bara da damina ta dawo gida da akwati da 'yan jakunkunan takarda, ta ce malaminta ya yarda ta yi bincikenta a kan dankalinmu. Dalili kuwa kin san shi. Ƙwaron nan mai huda dankali ya bar shi da ɗaci ba ya cika taɓa na Inna. Kin tuna yadda maƙwabta kan haƙo nasu duk rami, mu kuwa mu haƙo namu sumul, jar fata, ciki rawaya. Auta tana so ta san yadda wannan hali ke bin jini, don masu gyaran iri su sa shi a cikin dankalin da ya fi namu yawan haihuwa. Na ce ai da sauƙi, a yanki yaɗo a ba su, haka muka saba tun kaka da kakanni. Ta ce yaɗon da aka yanka aka dasa uwar ce dai ta sauya wurin zama, ba a haifi kowa ba. In ana son ɗa, sai ta hanyar fure da ƙwaya.

Bari in faɗa miki yadda ta yi mini bayani, don ki gane girman abin da ya biyo baya. Ta ce a cikin kowane abu mai rai akwai wasu zarurruka ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke ɗauke da gado, irin su launin fata da fasalin ganye. Ta faɗi sunansu na boko ya fice ta ɗaya kunnen, ni dai zaren gado nake ce musu. Mu mutane wai kowane zare biyu muke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, shi ya sa lissafinmu bai da wuya sosai. Dankali kuwa, don haɗama, shida-shida ya tara. To idan fure zai shirya abin da zai ba ɗansa, sai zarurrukan nan su kama juna biyu-biyu, sannan a raba su, rabi ya tafi ga ɗan. Abin da take nema ta sani shi ne yadda shidan nan ke kama juna. Kowa yana da abokinsa na dindindin ne, ko duk wanda hannunka ya kai shi ne naka, ko kuwa wani lokacin huɗu ne ke cukuikuyewa wuri ɗaya. Da ta ga ban gane ba sai ta ce in tuna ranar dashe, in an sami mutum shida a gona sun rabu biyu-biyu, mai haƙa da mai dasawa. Idan ka zo bayan sun tashi ba ka ga wanda ya yi da wane ba, amma in ka san hannun kowa, ka bi kunya-kunya kana dubawa, za ka iya cewa galibi wane da wane ne suka haɗu. Kunya ɗaya ba ta isa shaida ba, sai da yawa. Haka za ta ƙirga 'ya'yan dankalin ɗaruruwa, nawa suka ɗauko wannan hali, nawa suka ɗauko wancan, ta zuba a na'ura ta yi mata ƙiyasi. Kuma wai ko an gama ba za a ce ga shi tabbas ba, sai dai a ce amsar tana tsakanin nan da nan, yawan 'ya'yan da aka ƙirga shi ke matse tsakanin. Na ce ashe duk shekarun nan wataƙila ake koya musu faɗi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce tasu wataƙilar awonta ake yi, tawa kuwa daga ka take faɗowa.

Yarinyar nan ta sha wahala, ba zan ɓoye ba. Kin san dankalin Inna da rowar fure. Don ya yi, sai da na bar mata gonar bakin hanya da nake aro ba a haƙe ba har bayan ɗaukewar ruwa. Da yamma ta bi ta ɗaure bakin furen da zai buɗe gobe da zare, da safe ta kwance, ta ɗebo garin furen farin dankalin nan na kasuwa a kan tsinken ashana ta shafa masa, ta sake ɗaurewa ta rataya alama. Da yawa su kakkaɓe su zube. Wanda ya kama ya ba da ƙwaya ɗaya ko biyu, baƙaƙe masu tauri kamar tsakuwa, kowacce sai ta ɗan tsaga mata baki da abin yankan farce kafin ta yarda ta tsira. Ta yi baƙi ta rame, uwarta tana cewa an kai yarinya makaranta don ta huta da rana ga shi ta fi ubanta shan ta. Ni ma na biya nawa kason. Dankalin da ya daɗe a ƙasa ya tsattsage, wanda na adana ya ruɓe a ɗaki, mai gonar kuma ya karɓi abarsa ya zuba tubali. Abin da ya rage mana na Inna a duniya shi ne fangali ɗayan nan na gefen rijiya, inda nake tsallakar da yaɗo kowane rani.

Ƙwayoyin ta shuka su a lambun bayan gida, layi-layi, kowane tsiro da 'yar alamarsa ta roba mai lamba. Ƙanwata, da kin ga abin da ya fito da kin riƙe baki. Kin san ganyen na Inna, yatsu biyar kamar tafin hannu, bayansa ja-ja. To a cikin 'ya'yan nan akwai masu kama da uwa, akwai masu kama da uban, akwai kuma waɗanda ban san daga inda suka fito ba. Wani ganyensa kewayayye kamar kunne, wani siriri kamar ƙafar kaza, wani wada ne ya dunƙule ya ƙi yaɗo, wani fari fat kamar marar jini. Kullum na shiga da bokiti sai in ji kamar ana kallona da idon baƙi. Ke kin san abin da marigayi Baba ya koya mana tun ba mu kai tsawon fartanya ba, cewa duk tsiron da bai yi kama da uwarsa ba a tuge shi tun bai yi saiwa ba. Da wannan muka riƙe iri tsawon rayuwarmu bai gauraya ba.

Sai Auta ta tashi komawa makaranta don ta ɗauko kayan gwajin ganye, domin wai daga ruwan ganyen kowane tsiro ake karanta zaren da ya gada. Da za ta tafi ta ce in ba su ruwa kawai, ta maimaita, ta sake maimaitawa, har sai da na tambaye ta ko ita ta haife ni. Na yi kwanaki ina ba su ruwa kawai. Ran nan da safe na tsuguna cire ciyawa a gindin wani wadan, ina kallonsa yana shan ruwan da rijiya ke ba mu da ƙyar, yana tare wa na kirki wuri. Kafin in ankara yana hannuna. Daga shi sai na kusa da shi. Na bi layukan nan kaf na tsince duk wani marar fasali, na bar mata masu ƙarfi masu kyan gani. Alamun robar na tattara na wanke su tas na zuba a gwangwani, don kada a ce na yi asarar kayan makaranta. Ganyen kuma na miƙa wa awakin tela ta kan katanga. Tela ya ce in bari ya rubuta cewa shi bai san komai ba, awakinsa ma ba su sani ba. Na ce ya rubuta, amma ya ƙara da cewa sun yi ƙiba.

Ranar da ta dawo ni da kaina na ja ta zuwa lambu tun ba ta ajiye jaka ba, ina cewa ta zo ta ga aikin manomi. Ta tsaya ta dubi layukan, ta dubi guraben da ke tsakani, na miƙa mata gwangwanin. Ta zauna a bakin rijiya ta ɗora shi a cinya tana juya alamun ɗaya bayan ɗaya. Da ta yi kuka ko ta ɗaga mini murya da ya fi mini sauƙi. Can ta ce, a hankali kamar mai magana da majinyaci, waɗanda na tuge ɗin nan su ne manyan shaidunta. Wai irin waɗannan baƙin 'ya'yan da ba su cika fitowa ba, yawansu ko ƙarancinsu ne ke nuna ko zarurrukan suna cukuikuyewa. Na ce ai ga ɗaruruwa nan na bar mata, ta ƙirga su. Ta ce da akuya ce ta shigo ta ci na gabanta ba zaɓe, da lissafi zai iya jurewa, sai dai tsakanin ya ƙara faɗi. Amma ni zaɓa na yi. Ta ce kamar in kori duk gajeru daga kasuwa ne, sannan in ce ta auna waɗanda suka rage ta faɗi tsawon mutanen gari. Na'ura za ta ba da amsa, amsar kuma ƙarya ce, ita kuwa ba za ta sa sunanta a kan ƙarya ba.

Na ce ta kwantar da hankalinta, duk wanda na tuge yana kaina. Kin san ni, har yau zan iya faɗa miki kayan da ke jikinki ranar da kika bar gidan nan. Na fara zayyana mata, na bakin layin farko mai ganyen kunne ne, na kusa da kwata fari ne. Ta saurare ni har na gaji. Ta ce ta yarda ban manta ko ɗaya ba, amma ruwan ganye take bukata da kuma saiwar da za su yi, tunanina kuwa ba ya shiga kwalbar gwaji. Wallahi ban taɓa jin abin da ke kaina ya zama marar amfani irin na ranar nan ba. Na yi fushi, na ce lambuna ne, hannuna kuma abin da aka koya masa ya yi, da ta gaya mini dalili da ban taɓa ba. Ta ce ta gaya mini, ina ta yi wa wataƙilarta ba'a ne. Uwar yara tana daga bakin madafa ta ce ita shekarunta nawa tana gaya mini abubuwa, ba ta taɓa ganin ranar da kunnena ya riga hannuna ba. Har yau ban ce musu na yi laifi ba, kuma tela ya daina kallona haka.

Ta kira malaminta. Ya ce lokacin da makaranta ta ba ta ya kusa cika, an riga an ƙara mata sau ɗaya ba za a sake ba. In ta sami sababbin ƙwayoyi kafin saukar ruwa, zai tsaya mata ta shuka ta ƙirga a daminar nan. In ba ta samu ba, shi ke nan, shekarun nan sun tafi. Sababbin ƙwayoyi kuwa sai da fure, fure kuma a tsakiyar rani sai an matsa wa dankali. A ɗaga yaɗonsa a kan sanduna, a daina yankarsa, a hana shi ruwa sai ɗan abin da zai riƙe rai, har ya ji kamar mutuwa ta zo, sannan ya yi gaggawar barin baya. Wani ya yi furen ya rayu, wani ya yi ya mutu, wani ya mutu bai yi ba. Ga shi fangali ɗaya gare mu, kuma tun bara na ga ganyensa ya fara nannaɗewa irin na tsufa. Na yanki kaɗan na dasa a tsohon bokiti a inuwa don ajiya, suka bushe. Na sake, suka sake bushewa. Auta ta ce ba da ita za a kashe dankalin kakarta ba, gara ta koma ta nemi aikin koyarwa. Ta fara ninke kayanta.

Ana haka ne, tana cire alamun da suka rage a lambu ina tsaye kamar ba ita nake kallo ba, ta tambaye ni wai shin daga ina Inna ta samo dankalin nan tun asali, tana so ko wannan ta rubuta kafin ta tafi. Na buɗe baki zan ce gado ne, sai abin ya dawo mini kamar jiya. Ke lokacin kina goye, ba za ki sani ba. Farin dankali muke nomawa a lokacin. Wata shekara wani tsiro ya fito shi kaɗai a ƙasan kunya inda ba wanda ya dasa, ganyensa yatsu biyar, bai yi kama da kowa a gonar ba. Baba ya kai hannu zai tuge. Inna ta sa ƙafa ta tare, ke kina bayanta kina barci, ta ce wannan nata ne, a bar mata ta ga abin da zai zama. Baba ya ce za ta ɓata masa iri. Ta kife wa tsiron tsohon kwando ta ɗora dutse, suka yi kwana da kwanaki ba sa magana sai ta bakina. Wannan tsiron ne muka ci muka girma, shi na yi rayuwata ina tsarewa da dokar mutumin da ya so tuge shi. Na faɗa wa Auta haka. Ta ce lalle daga ƙwaya ya fito, irin waɗanda na ba awaki. 

Washegari na sari sanduna na kafa a fangalin, na ɗaga yaɗon Inna ɗaya bayan ɗaya na ɗaure da tsumma don kada igiya ta yanke shi. Auta ta fito ta ce in sauke, na ce lambuna ne. Ta ce zai mutu, na ce wataƙila, ta auna mini ita in ta iya. Ta ce taurin kan nan ne ya kawo mu nan, na ce to shi zai fitar da mu ko ya ƙarasa mu. Tun ranar na janye masa ruwa. Ƙanwata, ban san akwai aiki mai wuya irin wannan ba. Na ɗebo ruwa in wuce ta gabansa in kai wa barkono, ganyensa ya yi laushi yana rataye kamar wanki, sai in kau da kai. Na ƙasan sun yi rawaya sun fara zuba. Hannun nan da ya tuge ba a sa shi ba, yanzu shi ne ke son karkata bokiti, sai na riƙe shi da ɗayan.

To ga abin da ya sa na tsayar da tela daga aikinsa. Ranar da za ki tafi, Inna ta yanko yaɗo ta naɗe miki a jiƙaƙƙen tsumma ta cusa a gefen kayanki, kina cewa zai ɓata miki zane. Daga baya kin aiko cewa ya kama a bayan ɗakinki. Shekaru sun yi nisa, kun sauya gida, na kuma ji an ce tsakar gidan naku na yanzu duk siminti ne. Ban taɓa tambayarki ba, don ina ganin nawa ya ishe mu. Yau ina tambaya. Yana nan? In yana nan, ko a tukunya ne, ki duba bayan ganyen ki tabbata ja-ja ne, ki yanko masu gaɓa huɗu ko biyar daga kan yaɗon, ki cire manyan ganyen, ki naɗe kamar yadda Inna ta yi miki, ki ba direban da ke kawo mana saƙonki, ki ce kada ya sa kusa da inji. Ki bar rabi a wurinki, kada ki aiko duka. In kuma babu, kada ki ce za ki duba don ki lallashe ni. Ki faɗa mini babu. Ko me kika ce ba zan sauke shi daga sandunan ba, ina dai so in san ko ni kaɗai ke riƙe da shi.

Ki gaishe mini da maigidanki, ki ce masa har yanzu ina jiran ziyarar da ya yi alkawari tun gemunsa na baƙi. Ki gaishe da Dogo da iyalinsa, da malamar asibiti da mijinta, da tagwaye, da takwarana ƙarami da aka ce ya gado ni wajen gardama, Allah Ya shirye shi. Uwar yara tana gaishe ki, ta ce ki yi mini faɗan da kyau tunda nata ba ya shiga. Tela yana gaisuwa, ya ce yatsunsa sun sage. Auta tana gaishe da Gwaggonta. Ba ta san na rubuto miki ba, kuma har yanzu magana tsakaninmu ba ta wuce gaisuwa. Amma akwatin nata yana nan a buɗe ba ta rufe ba, kuma yau da safe na same ta tsugune a ƙarƙashin sandunan tana ɗaga ganye ɗaya-ɗaya tana leƙa hammatarsa ko fure ya ɓullo, zare a naɗe a yatsanta. Ba ta sami komai ba tukuna. Ni ma na riga ta dubawa.

Ki sa mu a addu'a, mu da abin da ke kan sandunan nan.

Naki har kullum,
Yayanki